Taron Bidiyo Daga Tasawa da Mayahi: A Fara Gyara Murya

Sharhinmu na yau a kan taron bidiyo yake, wato irin zaman nan da ake yi kowa yana garinsu, ana ganin juna ana jin juna ta salula ko ta kwamfuta. Za mu duba kayan da ya kamata mutum ya tanada, da manhajar da ya kamata ya zaɓa, idan daga Tasawa ko Mayahi ko garuruwan da ke kewaye da su zai shiga taron.

Abin bai daɗe da shigo mana ba. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Wata ɗaya da ƴan kwanaki bayan nan, ranar 23 ga Afrilu, shugabannin ƙasashen CEDEAO suka yi taron ƙoli ta bidiyo, kowa daga fadarsa, Issoufou Mahamadou yana jagoranta, domin a lokacin shi ke riƙe da shugabancin ƙungiyar. A cikin watan nan ne kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro ta manhajarsa sun kai miliyan 300 a rana, alhali a Disamban 2019 ba su wuce miliyan 10 ba. Cutar ta lafa, amma al'adar ta samu wurin zama, kuma dalilin a fili yake. Daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne: yini guda a mota zuwa, yini guda dawowa, ga kuɗin masauki, ga na abinci, duk don zaman awa biyu. Shi ya sa yau ma'aikacin lafiya, da mai duba makarantu, da malamin gona, da sakataren magajin gari, da shugabar ƙungiyar mata masu adashe, kowa yakan samu saƙo cewa gobe ƙarfe 10 akwai taro, ga adireshin shiga. Matashi mai neman aiki ta nan ake yi masa tambayoyi. Ɗalibin da ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi yana neman gurbin ƙarin karatu a waje, shi ma ta nan ake ganawa da shi.

To, ga inda gizo ke saƙar. A irin wannan taro, wanda muryarsa ke fita tas shi ake saurare, shi ake ba lokaci. Wanda tasa ke yankewa, za a yi masa haƙuri sau ɗaya, a yi sau biyu, a na uku sai ka ji mai jagorantar taron ya ce, "Mayahi, ba ma jin ku sosai, bari mu wuce Dakoro, ma dawo kanku." Sau da yawa ba a dawowa. A haka za a tsara rabon irin shuka, a sa ranakun riga-kafi, a yanke yawan buhunan da za a kai kowace gunduma, shi kuwa wanda ya fi kowa sanin halin da ake ciki yana can yana ta "alo, alo".

Masana ma sun gwada abin. A 2018 Eryn Newman da Norbert Schwarz sun sa mutane sauraron jawaban masana kimiyya, wasu da sauti mai kyau, wasu kuma an lalata sautin da gangan. Magana ɗaya ce, mai maganar ma ɗaya ne, amma waɗanda suka ji ta da mugun sauti sun ɗauki mai jawabin a matsayin wanda bai kai ba wajen basira, bincikensa ma suka rage masa daraja. Ke nan makirfo marar kyau yana rage wa mutum kwarjini a idon masu sauraronsa, shi bai sani ba, su ma ba su san abin da ya sa ba.

Saboda haka hukuncina a kan wannan magana mai sauƙi ne. Duk wanda ke da ƴan jikkuna yana son gyara taronsa, ya fara kashe su a kan murya, sannan wuta, sannan rezo. Kyamara ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita ce mai kanti zai fara ɗauko maka, don ita ce ke da kwali mai ƙyalli.

Mu fara da makirfo. Sauti yana raunana da sauri ƙwarai: idan ka ninka nisan da ke tsakanin bakinka da makirfo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi ya koma kashi 1 cikin 4. Makirfon da ke jikin kwamfuta yana can kamu guda ko fiye daga bakinka, don haka ba ya bambanta muryarka da ta fanka, da ƙarar injin niƙa, da kabu-kabun da ke wucewa, da akuyar maƙwabta. Maganin wannan duka shi ne abu mafi arha a kasuwar waya: ɗan abin jin maganan nan na kunne, ekuter mai igiya, wanda ke da makirfo a jikin igiyar. Yana kawo makirfon taƙi guda daga bakinka. Ba ya son caji. Sannan yana hana amsa-kuwwa, domin muryar wancan ɓangaren a kunnenka take tsayawa, ba ta fitowa fili balle ta sake komawa cikin makirfo. Na Bluetooth marar igiya ya fi kyan gani, na yarda, amma batirinsa yakan mutu a tsakiyar magana, kuma jabun da suka cika kasuwa sukan jinkirta sauti ko su siranta shi. Idan mutum zai riƙa yin taro kowane mako, ya ƙara kuɗi ya sayi kaske mai ɗan hannun makirfo da ke zuwa gefen baki, mai shiga ta USB.

Wani ɗan abu da ba a cika lura da shi ba: iyayenmu mata da ƴan'uwanmu mata sukan sa ekuter a ƙarƙashin hijabi ko mayafi, maza kuma a ƙarƙashin rawani. Ba laifi, amma makirfon ya fito waje, a maƙale shi da fil ko a riƙe shi da hannu. In ba haka ba, duk motsin da aka yi ƙyallen zai goge shi, waɗanda ke Yamai su riƙa jin kwaram-kwaram maimakon bayani.

Sai ɗakin da za a zauna. Yawancin ofisoshinmu siminti ne ƙasa, siminti bango, kwano a sama, ba labule, ba komai sai tebur da kujerun ƙarfe. A irin wannan ɗaki murya tana bugun bango ta dawo, sai ta isa wancan gefen a cakuɗe, ko da makirfon mai tsada ne. A nan mu mutanen Gulbin Kaba muna da abin da wasu ke biyan kuɗi mai yawa su saya. Tabarmar kaba da ake saƙawa a yankin nan, a shimfiɗa ɗaya ko biyu a ƙasa, a rataya wata a bangon da ke fuskantar mai magana, a sa labule mai kauri a taga, za a ji bambanci nan take. Ƙaramin ofis mai kabad cike da takardu ya fi babban zauren taro wanda ba kowa, ɗakin ƙasa mai rufin azara kuwa sau da yawa ya fi su duka daɗin sauti. Fanka kada ta fuskanci makirfo, a juya ta tana bugun baya ko gefe. Janareto a kai shi bayan gini da doguwar waya. Ruwan Agusta a kan kwano kam ba shi da magani, sai dai a ƙara matso da makirfo kusa da baki, a kashe shi da zarar an gama magana.

Idan mutum 5 ko 6 ne za su shiga daga ɗaki ɗaya, kada a jingina salula guda a tsakiyar tebur a ce kowa ya ɗaga murya. Akwai ƴar na'ura zagayayya mai haɗe da lasifika da makirfo, wadda kamfanoni irin su Jabra da Anker ke yi domin tebur ɗin mutum kaɗan. Ita ce ta dace da ofishin magajin gari ko na gundumar lafiya. In taron ya kai mutum 15 ko 20, sai makirfon hannu da za a riƙa miƙa wa mai magana. Amma doka ɗaya ce ba ta canzawa: a ɗaki ɗaya, na'ura ɗaya tak ce za ta buɗe sauti. Ƙarar nan mai huda kunne da kan tashi a tsakiyar taro, asalinta wayoyi biyu ne a wuri ɗaya, wannan tana jin waccan, waccan tana jin wannan, suna ta mayar wa juna. Wanda ke son ganin fuskoki a tasa wayar, ya kashe makirfonta, ya kuma rufe sautinta gaba ɗaya.

Yanzu mu zo ga wuta. Kuran da yankin nan ya daɗe yana dogaro da shi, babban layi ne mai ƙarfin kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, nan kusa da mu, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kowa ya tuna abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo da ita ba sai a Maris 2024. Ko ba rikici ma, da zafin bazara ya tsananta buƙata takan fi ƙarfin abin da ke akwai. Garuruwa da dama a Urafan da Atantane da Isawan kuwa, sola ce dama wutarsu. Don haka duk ofishin da ke taron bidiyo ya ɗauka cewa za a ɗauke wuta ana cikin magana, ya shirya wa hakan tun kafin a fara.

Wannan shi ya sa kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi ta tebur a wurinmu: batirinta a cikinta yake. Amma mutane sukan manta da akwatin wifi. Kwamfuta tana kunne, akwatin ya mutu, taro ya tafi. A tanadar masa nasa ɗan batirin, ko a sayi irin wanda ke zuwa da batir a ciki. Ga ɗan lissafi da zai taimaka wa mai sayen kayan sola. Batirin volt 12 mai amfiya 100 yana riƙe da kimanin wat 1,200 na awa guda, amma in irin na gubar nan ne da aka saba, rabin wannan kawai ya kamata a sha in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Kwamfuta takan ci tsakanin wat 45 zuwa 65 in tana caji, akwatin wifi kuwa da wuya ya wuce 10 ko 15. Ke nan batir ɗaya ya isa taron safe da na yamma. Ga mai amfani da salula kaɗai, fawa bank mai lamba 20,000 na gaske yakan cika babbar waya sau 2 zuwa 3. Na ce na gaske, don akwai masu lamba babba a jiki, ciki kuwa fanko. A auna nauyinsa a hannu, mai sauƙi fiye da kima abin zargi ne.

Zafi ma abokin gaba ne. Masu ƙera waya, irin su Apple, suna cewa an yi ta ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Bidiyo yana sa waya aiki tuƙuru, caji yana ƙara mata zafi, rigar roba tana riƙe zafin. In ukun suka haɗu, sai allo ya dushe, hoto ya fara tsalle, daga nan ta kashe kanta. A cika cajin tun kafin taro, a tuɓe mata riga, a ajiye ta inda iska ke bi.

Wanda zai sayi kwamfuta ta hannu, a Maraɗi ne ko daga kasuwar Farm Centre ta Kano aka kawo, kada ya biya sai ya yi kiran bidiyo da ita a gaban mai shago, a zare caja a ga minti nawa batirin zai ɗauka. Ya nemi mai ƙwaƙwalwar aiki jiga 8. Ya duba madannan rubutu, don wadda ta biyo ta Najeriya tsarin Ingilishi take zuwa da shi, wanda ya saba da na Faransanci zai sha wuya, bakin cajarta ma mai ƙafa 3 ne da ba ya shiga soket ɗinmu sai da adafta. Ya kuma sani cewa tun Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10 yadda ta saba, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11.

Sai rezo. Muna da Airtel, da Moov Africa, da Zamani wadda ta gaji Orange, da Niger Telecoms. Kada wani ya ce maka wannan ya fi wancan a ko'ina. Wanda ke tashi a tsakiyar Tasawa yana iya kwantawa a Hawandawaki, wanda ke aiki a Sarkin Hausa yana iya ɓacewa kafin a kai Kanambakashe. Ofis ya mallaki layi biyu na kamfanoni daban-daban, ya gwada su a ɗakin da za a zauna, a daidai lokacin da za a yi taron. Sandunan nan da ke saman allon waya ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan masu rabon ta. Eriyar gari tamkar famfon tuƙa-tuƙa ce: da hantsi kai kaɗai ne, ka cika tulunka ka tafi, da yamma kuwa ko ranar kasuwa sai ka bi layi.

Abin da ya kamata a gwada shi ne saurin aikawa. Kallon bidiyon waƙa ko wa'azi saukewa ne, kuma waya takan tara na gaba ta ajiye, shi ya sa ko rezo ya yi tuntuɓe ba ka lura. Taro kuwa kai ma aikawa kake yi, kuma nan take, ba ajiya. Manhajar Speedtest tana nuna lambobin biyu. Zoom da kansa ya ce taron mutane da yawa da hoto madaidaici yana son kimanin megabit 1 a daƙiƙa wajen aikawa, mai hoto garau na 720 kuwa fiye da ninki biyu na haka. Murya kaɗai ba ta wuce kilobit 60 zuwa 80 ba. Ku duba tazarar: fiye da ninki 10. Awa guda ta bidiyo tana iya lashe kusan jiga guda na forfe, awa guda ta murya kuwa ƴan gomomin mega ne. Don haka idan magana ta fara tsinkewa, kada a tsaya ana ta neman afuwa. A kashe kyamara nan da nan. In bai isa ba, a cikin Zoom akwai inda ake dakatar da hotunan sauran mutane, a bar muryoyinsu. A rufe zaɓin HD tun farko. A hana waya sauke hotuna da bidiyon WhatsApp da kanta, a hana kwamfuta sabunta kanta a lokacin, a kuma roƙi abokan aiki su sauka daga wifi ɗin har a gama. Akwatin wifi a ɗora shi a taga ko wuri mai tudu, ɓangaren da eriya take. Akwatin ne ke son taga, kai kana iya zamanka a inda sauti ya fi kyau.

Tun 2025 Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ta fara aiki a Nijar da izinin hukuma, kuma ga garin da rezo ba ya kaiwa, babban sauyi ne. Taurarinta suna yawo a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, alhali irin na da suna can kusan kilomita 36,000, shi ya sa a da in ka yi magana sai an jira fiye da rabin daƙiƙa kafin amsa ta dawo, mutane su riƙa hawa kan maganar juna. Sai dai a yi lissafi kafin a saya. Babban farantin yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini kuwa 25 zuwa 40. In ka haɗa babban da kwamfuta, batirin nan da muka lissafa ba zai wuce awa 5 ba. Ga kuɗin wata-wata da ba ya jira. A ganina abin haɗin gwiwa ne: ofishin magajin gari, da asibitin gari, da ƙungiyar manoma, su haɗu su gyara ɗaki ɗaya mai sola da tabarmi da na'urar sauti, kowa ya riƙa karɓar lokacinsa, ya fi a ce kowane ofis ya sayi nasa, wata na uku a kasa biya.

Manhaja fa? Gaskiya sau da yawa ba mu ke zaɓa ba, wanda ya kira taron ne ya aiko da abin da ofishinsu ya saba. To a sauke ta tun jiya, a shiga a gwada, kada a bari sai saura minti 5. Amma in mu ne masu kira, ga yadda nake gani. Taron mutum kaɗan da suka san juna, WhatsApp ya wadatar: yana ɗaukar har mutum 32, yana cikin wayar kowa, ba sai an koya wa kowa komai ba, kuma yana jure raunin rezo. Rauninsa shi ne tsari, domin mutane suka yi yawa sai ya zama hayaniya. Zoom ya fi ba mai jagoranci iko: ya rufe makirfon kowa, ya tsayar da baƙo a ƙofa, ya raba mutane rukuni-rukuni. Na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma minti 40 yana cika zai yanke, mu kuwa gaisuwa da addu'ar buɗewa da gabatar da manyan baƙi kaɗai suna iya cin rabin wannan. Google Meet na kyauta yana ba da minti 60, kuma a kwamfuta ba sai an sauke komai ba. Teams na Microsoft shi ne na manyan ƙungiyoyi da hukumomin duniya, yana aiki, sai dai ya fi nauyi a kan tsohuwar na'ura. Skype, wanda da shi iyaye suka fara ganin ƴaƴansu da ke ƙasashen waje, an rufe shi a Mayun 2025, kada wani ya ɓata mega wajen nemansa. Ƙa'idar zaɓi ita ce a dubi wanda wayarsa da rezonsa suka fi rauni a cikin masu taron, a ɗauki abin da shi zai iya shiga.

A nan dole in ja kunne. Ƴan damfara sun gano cewa mun saba da taron bidiyo. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunan zauren WhatsApp da kake ciki, ya ce akwai taro da daddare, an turo maka lamba 6 ta shiga, karanto masa ya sa sunanka. Lambar nan ta buɗe WhatsApp ɗinka ce a wata wayar. Kana faɗa ya ƙwace, ya shiga roƙon kuɗi wajen danginka da sunanka. Babu taron gaskiya da ake shiga ta hanyar karanta wa wani lambar da ta zo maka ta saƙo. A shiga saitin WhatsApp a sa lambar sirri ta biyu. Mai kiran taro kuma kada ya baza adireshin shiga a Facebook, ya sa lambar sirri, ya duba sunan kowa kafin ya buɗe masa.

Hoto, na ce shi ne na ƙarshe, kuma kusan duk gyaransa kyauta ne. Haske ya zo daga gabanka. Wanda ya ba taga baya, inuwa kawai za a gani. Kyamara tana auna haske da abin da ya fi fari a gabanta, don haka farar babbar riga da farin bango suna sa ta dushe fuskar baƙin mutum. A zauna ana fuskantar ƙofa ko taga, bango mai ɗan duhu a baya. A ɗora waya a kwance kan littattafai ko ƴar ƙafar riƙe waya, daidai tsayin ido, kada a riƙe ta a hannu ana nuna wa mutane rufin ɗaki da ƙasan haɓa. Lokacin hunturu a goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, don rabin hazon da ake ɗora wa rezo ƙura ce da maiƙon yatsa. Bangon bogin nan da manhaja ke sa wa mutum a baya, mai hoton ofis ko bakin teku, a bar shi: yana ƙara wa waya zafi, yana kuma cinye gefen hula da ɗankwali. A Fabrairun 2021 wani lauya a jihar Texas ta Amurka ya bayyana gaban alƙali ta Zoom da fuskar kyanwa, saboda wani saitin wasa da aka bari a kwamfutar, ya rasa yadda zai cire, duniya ta yi ta dariya. Gwajin minti 2 da abokin aiki kafin taro ya isa ya hana irin wannan.

Ragowar maganata ga masu kiran taro ce, na Yamai da na Maraɗi da na ƙetare, don nauyin ba a kan mutanen karkara kaɗai yake ba. Takardun da za a tattauna a aiko su kwana ɗaya kafin taro, a PDF marar nauyi, domin rubutun da kuke nunawa a babban allonku ba ya karantuwa a fuskar salula. A sa taro da safe, tsakanin ƙarfe 9 da 11, kafin zafi, kafin rezo ya cika, a kauce wa azahar da la'asar da ranar Juma'a, a kuma tambayi ranar kasuwar garin. A faɗi lokacin da agogon Nijar ƙarara: Dakar da Bamako da Wagadugu suna bayanmu da awa 1, Nairobi da Makka suna gabanmu da awa 2, Paris da Janeba kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa 1, sauran watanni muna tare. Kada a tilasta wa kowa buɗe kyamara. A gaisa da fuska a farko, sannan a bar mutum ya rufe. Wanda za a ɗauki hotonsa ko muryarsa a ajiye, a nemi izininsa tukuna, musamman mata, musamman kuma in maganar marasa lafiya ake.

Sai harshe. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu yawancin tarukan nan da Faransanci ake yinsu daga farko har ƙarshe. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kuma ƙasashe da dama suka kwaikwaya, mata ne suka gina shi da Hausa a ƙarƙashin itatuwa. In an gayyaci shugabar irin wannan ƙungiya taro, a tanadi tafinta na mutum. Rubutun da manhaja ke yi da kanta a ƙasan allo ya fi ƙwarewa a Ingilishi da Faransanci, kada a dogara da shi. Zoom na biya yana da layin tafinta daban, inda kowa zai zaɓi harshen da zai saurara. In babu kuɗin wannan, mai magana ya riƙa tsayawa bayan jimla 3 ko 4, a fassara, a ƙara wa taron lokaci saboda haka. A fara ba na nesa dama tun batirinsu na cike. Bayan an tashi, a aika abin da aka yanke a rubuce, a kuma aika shi cikin saƙon murya da Hausa wanda bai wuce minti 3 ba, a ba da kwana 2 domin wanda rezo ya yanke masa ya turo nasa bayanin kafin a sa hannu a takarda.